Lamba ta Biyu

Sati uku Muhammad Awwal bai bar wayarsa ta yi nisan taku biyu da shi ba. Da ita yake shiga banɗaki, a gefen kwano yake ajiye ta in zai ci abinci, in ya tada sallah ya kife ta a bakin darduma, yana sallamewa ya kai hannu. A rumfar naman Baffa Ɗanbala da ke unguwar Banikanni a Parakou kuwa, cikin leda yake sa ta ya rataye a wuya don kada jini ya taɓa ta. Mahauta suka samu abin tsokana, wai Awwalu ya yi sabuwar laya.

Kira yake jira daga wata makarantar fim a Beljiyam. Tun da ya gama digirinsa a Parakou ya nemi karatun mastar a can sau biyu, sau biyun suna maido masa da wasiƙar ban haƙuri mai layi huɗu. Wannan ne karo na uku, kuma shi ne na ƙarshe, domin tallafin karatun ba a ba wanda ya cika talatin, shi kuwa a watan Yuli zai cika. Bana ya aika musu da fim na minti goma sha biyu kan masu koro shanu a ƙasa daga kasuwannin ƙauye, ya bi su da ƙafa kwana biyar yana ɗauka, kuma ya san bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Tsarin makarantar shi ne, wanda ya tsallake tantancewar farko a yi masa waya a sa ranar ganawa. Wanda bai tsallake ba, sai a ƙarshe ya ga wasiƙa.

Takardar neman tana da gurbin lamba biyu: ta mai nema, da ta wanda za a kira in ba a same shi ba. Duk mai hankali lambar Baffa Ɗanbala zai rubuta, tunda shi ya riƙe shi tun yaye, a gidansa yake kwana, kuma Baffa na jin Faransanci daidai gwargwado. Shekara biyun farko haka ya yi. Bana kuma, da ya zo gurbin, sai ya tsaya yana kallon ɗan layin da ke ƙasa, inda aka ce a faɗi dangantaka. Ya rubuta lambar Hajo da ke Djougou, a ƙasa ya rubuta: uwa.

Hajo ita ta haife shi, kuma shi ne ɗan farinta. Jinin Fulani ce, an tashe ta cikin kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, wadda ba a ragi a cikinta. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta yi masa magana kai tsaye in da mutane, ba ta amsa cewa nata ne. In dole ta kama, "ɗan Parakou" take cewa. Shi ma Inna Hajo yake ce mata, kamar yadda 'ya'yan maƙwabta suke cewa. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, shi ma ya sani. Ko wata ba ya wucewa bai ga ƙullin yaji ko man shanu daga Djougou ba, an ce a kai gidan Ɗanbala, ba a faɗi na wane ne ba. Amma sani daban, abin da rai ke so daban. So yake sau ɗaya, ko a takardar da za ta ƙetare teku ce, kalmar ta zauna kusa da sunanta. Bai gaya mata ba. Ta ina ma zai fara?

A sati na huɗu Baffa Ɗanbala ya ƙosa.

"Awwalu, ƙafar nan ta ƙi ni, kai kuma ka zauna kana gadin tarho. Talata kasuwa take ci. In ba ka tafi ka zaɓo mana shanu ba, mi za mu rataye Juma'a? Hoton naka?"

"Baffa, can babu rezo, waya ba ta kamawa."

"Kwana biyu ne. Nasaran da suka yi sati uku ba su tuna da kai ba, ba Talatar nan za su tuna ba."

Ya tafi. Ba a musu da mutumin da ya ciyar da kai shekara ashirin da bakwai. Ya kwana biyu a wata kasuwar daji, yana taɓa ƙugun bijimai yana duba haƙora, lokaci lokaci ya hau tudu ya ɗaga wayar sama kamar mai neman wata. Ko sanda ɗaya ba ta kawo ba.

Ranar Alhamis da safe, motar shanun na shigowa gari saƙonni suka fara zubowa. Na farko na Naja'atu ne, 'yar unguwar Titirou, wadda suka yi jami'a tare suka kuma cike takardun tare. An kira ta ranar Talata. Ya buga mata, ya yi mata murna da gaske.

"Kai fa?" ta ce.

"Shiru."

"Kashi-kashi suke kira, haka aka yi bara. Ça va venir, naka ma zai zo. Wanda ya ga fim ɗinka bai kira ka ba, ai makaho ne."

Ya riƙe wannan magana kwana takwas. Jira mugun aiki ne, ba ya barin mutum ya yi wani aikin. Ya yanke yatsa sau biyu a kan gungumen sara. Duk lambar da bai sani ba sai ya goge hannu a riga, ya gyara murya da Faransancin ofis, ashe mai abinci ce ke tambayar ko akwai kayan ciki. A dandalin masu nema ana ta sa hoton kira, wannan daga Lome, wancan daga Bamako, yana danna musu alamar hannu. Ya haddace amsoshin tambayoyin da ba wanda ya yi masa. Har riga ya kai wanki da guga ya rataye a bayan ƙofa.

Juma'a ta biyu, bayan an sauko daga masallaci, wasiƙa ta shigo. Ba mai layi huɗu ba ce. Sun ce fim ɗinsa yana cikin waɗanda alƙalai suka fi yabawa. Sun ce sun neme shi Talata da Laraba ba a same shi ba, sun kira lamba ta biyu, wadda ta ɗauka ta ce ba ta san mai wannan suna ba. Don haka aka ba na bayansa gurbin.

Ya karanta a tsaye a gefen titi, 'yan zem masu haya da babur suna yi masa oda. Ya kira lambar da ke ƙasan wasiƙar. Wata mata mai sanyin murya ta saurare shi har ya gama, ta ce ta ji tausayinsa ƙwarai, amma jiya aka kammala ganawa, alƙalai sun sa hannu sun watse. Ta ce ya sake nema baɗi. Ya gaya mata shekarunsa. Ta sake cewa ta ji tausayinsa ƙwarai.

Bai ce wa Baffa komai ba. Asabar da safe ya shiga motar Djougou, an matse shi tsakanin wani mai buhun doya da ƙofa. Duk tsawon hanya yana shirya maganar da zai faɗa mata, mai zafi, wadda ya tara tun yana yaro. Haushi ne fal cikinsa, kuma a ƙarƙashin haushin akwai wani abu da ya fi ciwo: cewa an tambaye ta a fili, sau ɗaya a duniya, ta ce ba ta san shi ba.

Ya same ta a tsakar gida tana tsince wake. Ƙanwarsa Shakira, wadda ke aure a bayan gidan, tana gefe tana shayar da jaririnta. Hajo ta ɗaga kai ta gan shi, ta mayar da ido kan faifai.

"Shakira, ba ɗan Parakou ruwa."

"Na gode, ba na sha." Ya durƙusa ya gaishe ta yadda aka saba, sannan ya ƙi tashi. "Inna Hajo, ran Laraba ta makon jiya wata nasara ta kira ki."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Shakira ta dube shi, ta dubi uwarsu.

"Wace nasara kuma, Yaya?"

Ya gaya musu duka, yana kallon ƙasa: makarantar, shekara uku, fim ɗin, lamba ta biyu, wasiƙar jiya. Zafafan maganganun da ya ɗauko daga Parakou ko ɗaya bai fito ba.

Hajo ba shi ta amsa wa ba. Sai ta fuskanci Shakira, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ran nan gwaggonku Amariya tana nan zaune, da matan gidan liman su uku, sun zo duba ni. Kin san tarhon nan a buɗe yake magana, kunnena ba ya ji in ba haka ba. Matar ta faɗi sunana. Sannan ta faɗi sunan. Ta ce wai ni ce maman. Duk suka zuba mini ido." Ta juya waken da yatsa. "Bakina ne ya riga ni. Na ce non, connais pas. Suka yi dariya, gwaggonku ta ce Hajo har gaban nasara ba ta sakin kunya. Na yi zaton za ta sake kira. Kowa in yana neman mutum yana sake kira."

"Inna, don mi ba ki gaya mini ba?" Shakira ta ce.

"In ce miki mi? In ce na yi musunsa?"

Sai a lokacin Awwal ya lura da wayar. Ba a kan taga take ba inda ta saba zama har ƙura ta rufe ta. A ƙulle take a bakin zanenta, ƙullin ya yi baƙi don yawan kwancewa. Shakira ta dafe baki.

"Shi ya sa kike tambayata yadda ake cewa ɗana ne da Faransanci? Ni na ɗauka don makarantar Nabil ce." Nabil shi ne autansu. Ta juyo wurin Awwal, idonta ya ciko. "Yaya, kwana goma kullum sai ta sa na maimaita mata. Kullum sai ta aika a yi mata cajin tarhon, ko ya cika."

Haushin ya zube, ya bar shi da baƙin ciki tsagwaro, wanda ba shi da wanda zai ɗora wa. Ita ta yi abin da aka koya mata tun kafin a haife shi. Shi kuma ya san halinta sarai, ya ɗauki rayuwarsa ya ajiye a kan kalmar da ya san ba za ta iya faɗa ba.

Hajo ta kwance ƙullin, ta miƙa wa Shakira wayar.

"Ce masa ya kira su. Yanzu ba kowa."

"Inna Hajo, an riga an rufe," ya ce. "An ba wani."

"Ce masa ya kira."

Ya karɓa. Asabar ce, ya san ba kowa a ofishin, ya kuma san ko da akwai ba abin da zai sauya. Amma ya kasa gaya mata sau biyu. Ya danna lambar. Ta yi ƙara uku, sannan muryar na'ura ta fito a buɗe, tana cewa ofis a rufe yake sai Litinin, mai saƙo ya bari bayan ƙara. Hajo ba ta san na'ura ce ba. Ta karɓi wayar da hannu biyu, ta tashi, waken ya zube, ta je ta fuskanci bango ta ba su baya.

"Allô, madame. Ni ce Hajo. Oui." Ta sake farawa. "C'est mon fils. Muhammad Awwal. Mon fils. Pardon, madame. C'est mon fils."

Bai taɓa jin sunan a bakinta ba. Ashe ba ta ja shi yadda mutanen Parakou suke ja, a gajarce take faɗinsa, da sauri, kamar yana ƙona ta.

Ta tsaya tana jiran amsa, wayar manne da kunnenta, har layin ya yanke da kansa. Ba ta juyo ba.

"Shakira, mi ta ce?"

Shakira kuka take yi a kan jaririn. Awwal ya share fuska da hannun riga, ya amsa.

"Ta ji, Inna."

"Za su ba shi?"

"A'a."

Hajo ta daɗe a tsaye a gaban bangon. Sannan ta durƙusa, har yanzu bayanta gare shi, ta fara tsince waken daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya, rabi yana suɓucewa yana komawa inda ya fito. Ya matso ya riƙe mata faifan.