Kore a Gurbin Shuɗi

Mutanen layinsu ba su san shi da wani suna ba sai Mai Waya, ko da yake shekara takwas ke nan rabonsa da hawa tsani. Shi ne ya ja wayoyin da suka haɗa kwamfutocin babban ɗakin karatu na gari, tun zamanin da intanet ke shigowa ta layin tarho, da wani irin kuka kamar na ɗan akuyar da ƙofa ta matse. Soket arba'in da biyu ya dasa a bangon ginin nan da hannunsa, kuma shekara ashirin da shida babu wanda ya taɓa kawo ƙara.

A ɗakinsa akwai kanta guda ta littattafan sana'a: na haɗa kwamfutoci, na tsara shafukan intanet, da wasu masu kauri waɗanda zamani ya daɗe da wuce abin da ke cikinsu. A kansu 'yar autarsa ta koyi aiki, tun tana jin daɗin hotunan kawai har ta kai ga gyara masa karatu. Guda ɗaya ne bai taɓa ba ta ba. Yana can ƙarshen kanta, ɗaure da zare, bangonsa na kwali.

Ran nan da la'asar Auta ta shigo, ta yar da jakar kayan aiki a bakin ƙofa, ta zube a kujera.

"Baba, ginin nan naka ya ƙi ni."

Aikin ɗakin karatun shi ne na farko da aka ba ta da sunanta, ba a ƙarƙashin kowa ba. An ce ta sabunta akwatin da duk wayoyin ginin ke haɗuwa a cikinsa. Kowace waya tana da silli takwas a ciki, kowanne da launinsa, kuma akwai jerin da duniya ta yarda a bi wajen dasa su. Ta yanke tsofaffin kawuna, mai shara ya kwashe, ta dasa wayoyin a sabon akwati bisa ƙa'ida. Cikin ƙananan fitilu arba'in da biyu na akwatin, masu nuna waya na aiki, ko ɗaya ba ta kama ba.

"Sau uku ina warwarewa ina sakewa," in ji ta, tana nuna masa yatsunta da suka yi ja. "Na'urar gwaji sai cewa take silli sun sarƙe. Na canza akwatin, na ari na'urar wani, duk kanwar ja ce. Shugabar wurin ta ce gobe da azahar, in babu haske, za ta kira wani kamfani."

Mai Waya ya ajiye kofinsa a hankali. "Kin buɗe soket ɗin bango?"

"Na bango? Aikinka ne fa, Baba. Kuma kantoci sun rufe su, sai ƙarti huɗu sun ture. Da wane bakin zan ce a kwashe littafi dubu don in duba aikin Mai Waya? Ai dariya za a yi mini. Ni dai hannuna ne bai nuna ba."

Magana ta zo masa har bakin leɓe, ya haɗiye ta. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya kawo sauƙi."

Bayan ta shiga ciki, ya tashi ya ɗauko mai bangon kwalin, ya kwance zaren. Ba littafi ne na ainihi ba, kwafi ne. Wani injiniya baƙo ne ya ara masa na ainihin na yini ɗaya tak, a lokacin da ba a samun irinsa a kasuwa. Ya ruga wurin mai injin kwafi, aka buga masa shafi ɗari uku, ya mayar wa mai abu abinsa kafin motarsa ta tashi. Sai da ya zo gida ya ga shafi na tamanin da huɗu, inda hoton jerin launuka yake, ya fito toka-toka, ba a bambance komai. Ya ɗauki biro ya rubuta sunan kowane launi a gefe, yadda ya tuna. Ga rubutun nan har yanzu, tawada ta koɗe amma ana karantawa: ya sa kore inda shuɗi ya kamata, ya sa shuɗi a gurbin kore.

Da wannan shafi ya yi ginin gaba ɗaya. Da yake ya bi jeri iri ɗaya a bango da cikin akwati, kuskuren wannan kai ya dace da na wancan, saƙo ya riƙa wucewa lafiya. Sai bayan shekara huɗu, da ya sayi littafin na ainihi mai launi, ya buɗe shafin a tsaye a gaban mai sayarwa, ya ji gumi ya keto masa. Daga ranar ya gyara hannunsa, kuma jerin gaskiya ya koya wa Auta. Amma ginin yana aiki, ana yabonsa, sai ya ce a ransa, abin da ya kwanta a bar shi ya yi barcinsa.

Matarsa ta leƙo, ta dubi littafin, ta dube shi.

"Malam, shayinka ya huce. Yarinyar nan kwana uku ba ta cin abin kirki, kai kuma ka yi tsuru-tsuru kamar wanda aka aiko wa sammaci. Me ke cikin takardun nan?"

"Tsohon karatu ne."

"To, tsohon karatu dai ba ya sa mutum zufa." Ta ɗauke kofin. "Ni ban san waya ba, amma na san fuskarka shekara arba'in."

Kafin gari ya waye ya samo dabara. Zai je ginin, ya tsaya gaban akwatin, ya yi shiru kamar mai nazari, sannan ya ce, "Gwada musanya kore da shuɗi mu gani." Fitilu za su kama, aikinta ya tsira, a kuma ce kai, tsohon hannu daban ne. Babu wanda zai yi asara. Duk da haka, da zai fita sai ya ga ya sa littafin a jaka, bai kuwa tambayi kansa dalili ba.

Ɗakin akwatin ƙarami ne, a ƙarƙashin matakala, yana warin ƙura da roba. Ya tarar da Auta a durƙushe, guntayen silli sun zagaye ta, shugabar ɗakin karatun kuma tana tsaye a kanta da makullai a hannu.

"A'a, Mai Waya da kansa!" in ji shugabar. "Sannu da zuwa, Baba. Ka ga yadda muka zama. Aikinka shekara da shekaru ko tari bai taɓa yi ba, yaran yanzu kuwa sai takardar shaida."

"Laifina ne, ranki ya daɗe," in ji Auta, ba ta ɗaga kai ba. "Wataƙila na karɓi abin da ya fi ƙarfina."

Ba ta faɗe shi don ladabi ba. Ya san muryarta. Ta yarda da abin da ta faɗa. Nan ya ga inda dabararsa ta gaza. Fitilu za su kama, amma yarinyar za ta fita daga ɗakin nan tana ganin ta yi kwana uku a kan abin da uban ya gane da kallo ɗaya. Kuma duk ginin da ta shiga nan gaba, za ta fara tuhumar hannunta kafin ta tuhumi bango.

Ya zaro littafin, ya buɗe shafi na tamanin da huɗu, ya miƙa mata.

"Karanta abin da ke gefe. Da ƙarfi, shugaba ta ji."

Ta fara karantawa, ta kai na uku ta tsaya. Ta koma farko. Sannan ta ɗago ta dube shi.

"Baba, wannan ai..."

"Haka duk bangon ginin nan yake. Aikinki daidai ne tun ranar farko. Nawa ne a karkace, na kuma sani shekara ashirin da biyu." Ya juya ga shugabar. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In akwai wanda za a kira wa wani kamfani, ni ne."

Shugabar ta juya makullanta. Daga bisani ta ce tana da baƙi a ofis, a kira ta in an ga haske.

Auta ta ajiye littafin a gabanta. Ta zare waya ta farko, ta feɗe bakinta, ta jera sillin tana duban rubutun biron, ta danna. Suka zuba wa akwatin ido. Fitila ɗaya ta yi ƙyaf-ƙyaf, ta tsaya a kunne.

Ta sauke numfashi, ta goge ido da bayan hannu, sai kuma dariya ta ƙwace mata.

"Kwana uku, Baba! Har mafarkin silli nake yi. Jiya kuma kana zaune kana ce mini Allah ya kawo sauƙi, alhali sauƙin yana kan kantarka ɗaure da zare!"

"Ai ga shi ya kawo."

"Akwai wani ginin da ka yi da littafin nan? Gaya mini tun yanzu in san inda zan bi in kauce."

"Guda ɗaya. An rushe shi bara."

"Allah ya rufa maka asiri ke nan."

Ta ciro farar takarda da alƙalami mai kauri ta ba shi. Ta ce yau za ta bi jerin bango don masu karatu su samu aiki, in an yi hutu a ture kantoci ta gyara soket ɗin ɗaya bayan ɗaya. Amma kafin nan dole a manna bayani a ƙofar akwatin, saboda wanda zai zo bayanta.

Mai Waya ya sa tabarau, ya ɗora takardar a kan bangon kwalin, ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa a wannan gini kore yana gurbin shuɗi, shuɗi yana gurbin kore. Ya ɗan tsaya, sannan ya ƙara a ƙasa: kuskuren wanda ya ja wayar ne. Ya sa hannu.

"Saura arba'in da ɗaya," in ji Auta. "Riƙe mini tocila, kuma kada ka taɓa komai."