Kofi Talatin da Uku

Sati uku ke nan da faɗuwar Mubi a hannun 'yan tayar da ƙayar baya, kuma sati uku ke nan rabon Naziha da ta miƙe ƙafa ta yi barcin kirki. Ɗakinta na gidan mahaifinta a Yola Gari ya koma na mata biyar da 'ya'yansu, ita kuwa sai tabarma a rumfar girki, kanta jingine da buhun masara. Ranar da baƙin suka iso buhu biyar ne a wurin. Yanzu saura ɗaya da rabi, kuma ko da idonta a rufe ta san haka, don matashin nata kullum ƙara gajarta yake.

Malamar ƙididdiga ce a jami'a, can hanyar Girei. Da gari ya cika da 'yan gudun hijira, wata ƙungiyar agaji a Jimeta ta aro ta. Aikin ba shi da wuyar faɗi. Motocin abinci shida ne, unguwanni goma sha tara. An tura ma'aikata gida-gida suna tambayar mutum nawa ke kwana a ciki, an jibge mata takardun, an ce ta fitar da unguwanni shida da suka fi ɗaukar nauyi kafin azahar ɗin Alhamis. Wadda ba ta shiga ba sai wani watan, in da rabo.

To, mutanenmu ka san su. Wani mai shago a Jimeta, shi da matarsa da 'ya'ya huɗu, ya ce ɗari da arba'in ne a gidansa. Wani ma'aikaci kuma hannunsa ya zame, ya rubuta ɗari tara maimakon tara. In ka tara duka ka raba daidai, waɗannan biyun kaɗai sun isa su ja unguwa guda sama, a kai mata mota, masu yunwar gaske suna kallo. Shi ya sa Naziha ba ta raba daidai. Jera gidajen take yi daga ƙarami zuwa babba, ta ɗauki na tsakiya, duk wanda ya yi nesa da shi ƙwarai ta ja masa jan layi. Maƙaryaci ya ce dubu ma in ya ga dama, yana can ƙarshen layi, na tsakiya bai san yana yi ba.

Zadok, shugaban ofishin, mutumin Michika ne, shi ma iyayensa suna kwana a falonsa. Ya so wannan dabara ƙwarai.

"Wato ba a iya ruɗin ta, Malama?"

"Ana iyawa, Oga. Amma sai fiye da rabin mutane sun yi ƙarya, kuma duk gefe guda. Ina za a samu haka?"

Ranar Talata da rana fankar ofis ta tsaya, zufa na bin bayanta, ta zo kan unguwarsu. Gida sittin da uku. Bakwai, takwas, shida, tara, takwas. Lambobi masu kyau, wallahi, kamar na littafin karatu. Guda ɗaya ce ta fita zakka: wata Kaltume ta ce hamsin da bakwai. Naziha ko tsayawa ba ta yi ba, ta ja mata jan layi. Na tsakiya ya fito takwas, unguwar ta faɗa ta goma sha bakwai.

Zadok ya leƙo ta kafaɗarta. "Ba unguwarku ba ce wannan? Ku ba ku samu baƙi ba?"

Gajiya mugun abu ce. Mace tana kwana a rumfar girki saboda baƙi, amma sai da wani ya tambaya kafin kanta ya waye. Ta jawo takardun tana buɗawa ɗaya-ɗaya, har ta zo kan wadda aka sa wa hannu da ajami, rubutun da ta sani tun kafin ta san boko. Modibbo Bobboyi, mahaifinta. Adadin mutanen gida: takwas.

Ta daɗe tana kallon takardar. Su talatin da huɗu ne. Ita ta rubuta sunayensu da hannunta ranar da aka zo allurar yara.

Ta shiga keke mai ƙafa uku, suka sha layi a shingen sojoji biyu, ba ta isa gida ba sai bayan la'asar. Ta tarar da mahaifinta a zaure da carbi. Ta cire takalmi, ta durƙusa ta gaishe shi yadda aka saba, sannan ta ajiye takardar a gefen buzunsa.

"Baaba, takwas ka ce musu?"

"Tambayata aka yi iyalina nawa. Takwas ne."

"Sauran ashirin da shidan fa? Iska suke ci?"

Tsohon ya ɗago ya dube ta, ba da fushi ba. "Mutum ya taho daga Mubi da ƙafa, tafinsa a fashe, ya yi sallama a ƙofata. Sai in tsayar da shi in ƙirga shi kamar akuya, in kai wa wani yaro mai biro, in ce ga nauyin da ya ɗora mini? A gabansu fa aka yi tambayar, Naziha. Suna zaune a nan inda kike."

"Baaba, saura buhu ɗaya da rabi."

"Allah yana sane."

"Maƙwabta ma haka suka yi?"

"Ban tambaye su ba. Amma ban san wanda zai yi wani abu dabam ba a cikinsu."

Haba! Ta so ta yi ihu, amma ba a ihu a wannan zaure, kuma ko ana yi ba ta da ƙarfinsa. Shekara shida tana gaya wa ɗalibai cewa sai fiye da rabi sun yi ƙarya kafin na tsakiya ya karkace, tana faɗi tana murmushi, don a tunaninta ƙarya ta kwaɗayi ce, kuma makwaɗaita ba sa kai rabi. Ba ta taɓa kawo kunya a lissafi ba. Ga unguwa guda ta dattawa, ba su yi taro ba, ba su haɗa baki ba, kowa ya rage don kada baƙonsa ya ji nauyi.

Ta fita neman gidan Kaltume. Ashe mai ƙosan nan ce ta bakin rijiya, bazawara, 'yar Gwoza, wadda ta zo Yola shekara ashirin da suka wuce. Naziha ba ta ma shiga ba. Shanya ta rufe katanga har waje, takalma a ƙofa sun yi tudu, kukan jarirai kamar asibiti.

"Hamsin da bakwai na ce musu," in ji Kaltume, tana juya ƙosai ba ta ko ɗago ba. "Jiya an ƙara biyu. Ni ba ni da wani maigida da zai ji kunyar faɗi. Yaushe abincin zai zo?"

Naziha ta ce ana kan aiki. Kunya ta hana ta faɗin cewa mace ɗaya tak ta faɗi gaskiya a unguwar, kuma ita ce ta soke ta da hannunta.

Ta kira Zadok ta yi masa bayani. Ya ce ba zai iya ɗaga ranar ba, kuma ba zai karɓi "na sani" a matsayin hujja ba, sai lamba. Ta ce ya ba ta Laraba.

Ranar Laraba ta bi gida-gida, amma ba ta sake tambayar namiji ko ɗaya ba. Ta wuce zaure, ta shiga madafa. Kuma ba ta ce mutum nawa ba, don matan ma 'ya'yan gidajen nan ne. Cewa ta yi, "Kunun safe, kofi nawa kike zubawa?" Wannan kam babu matar da ba ta sani ba, kuma babu kunya a ƙirga kofi. Ashirin da biyu. Talatin. Goma sha tara. Arba'in da ɗaya. Ta yi gida arba'in ƙafafunta suna zugi, ta sha ruwan gida arba'in, ta ji labarin wanda aka yanka da wanda ya ɓace har kunnenta ya daina ɗauka. Ta jera, ta ɗauki na tsakiya, ya fito ashirin da shida. Ta karanta wa Zadok a waya. Ya ce unguwar ta hau ta biyu, ta kawo takardun gobe, amma ta sani motar ba za ta iso ba sai bayan kwana goma sha biyu.

Gidansu ta bari na ƙarshe, don cika ƙa'ida kawai. Da safiyar Alhamis ta zauna a kan tabarmarta da takarda a cinya, mahaifiyarta Asta tana tsugune gaban tukunya da ludayi, yara sun yi layi.

"Dada, kofi nawa kike zubawa?"

"Ke ma sai kin tambaya? Talatin da uku."

Naziha ta rubuta talatin, biron ya tsaya. Ta ƙirga a zuci: su takwas, baƙi ashirin da shida. Ta sake ƙirgawa. Sai ta ajiye biron ta zuba ido. Aka kai na zaure, aka kai na mata, yara suka karɓa, aka miƙo mata nata. Dada ta kankare ƙasan tukunyar ta ƙara wa wata yarinya mai tari. Sannan ta zuba ruwa a tukunyar, ta karkaɗa, ta juya baya ta shanye. Zanenta ya yi mata yawa, sau biyu ta naɗa shi a ƙugu, kuma sati uku suna kwana taku biyar tsakani Naziha ba ta gani ba.

"Dada, naki fa?"

"Ai mai damawa tana ɗanɗanawa. Na ƙoshi."

"Tun yaushe?"

"Kwana goma sha biyu kika ce, ko? To masarar da ta rage ta kwana goma ce. Tashi ki tafi aikinki, kada ki makara."

Naziha ta ji zuciyarta ta karye, hawaye suka zubo, ta bar su. Ta ajiye kofinta a gaban mahaifiyarta. Dada ta turo shi. Ta sake turawa, ta miƙe da sauri ta ɗauki jakarta, ta san kafin ta kai bakin titi kofin yana hannun wani yaro.

A layin shingen sojoji keken ya tsaya. Ta buɗe takardun a cinyarta, ta tuna matan jiya ɗaya bayan ɗaya, kowacce da ludayi a hannu, kowacce ta ba ta amsa ba tare da ta yi tunani ba. Ta ciro biro, ta fara daga gidan farko, tana ƙara wa kowane gida ɗaya, na mai ludayin.