Sawu a Fadamar Malam Gide

Lauratu na cikin jan guga a rijiyar bakin gari sai ga Indo tana haki, ko tulu ba ta sauke ba ta fara ba da labari. Wai an ga sawu a fadama. Ɗaya na mutum ne sosai, da diddige da yatsu biyar, ɗayan kuma na tsuntsu, yatsu uku, amma faɗinsa ya kai faifai. Haka suka jera, mutum, tsuntsu, mutum, tsuntsu, tun daga gindin giginya har cikin ruwa. Indo matar Ɗanasabe ce, ɗaya daga cikin Maguzawan da ke bayan gari, kuma ba a san ta da ƙarin gishiri ba, don haka mata suka saki guga suka zagaye ta.

"A gonar wa?" in ji Lauratu.

Indo ta ɗan kau da kai. "Taku ce, maƙwabciya. Ta Malam Gide."

Lauratu ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Matan suka ɗauka kuka take, suna ta ba ta haƙuri, alhali dariya ce ta kusa kashe ta. Ita ta san mai sawun, don ita ta ɗaura mashi ƙafar da hannunta bayan sallar asuba.

Mijinta Gide ya bi kamfanin da ke zuba kwalta ne a shekarar da kowa ya yar da fartanya ya tafi neman albashi. Katafila ta taka shi, asibiti suka yanke mashi ƙafa ɗaya daga ƙasan gwiwa, suka sallamo shi da ƙafar katako mai kama da taɓarya. A tsakar gida tana yi. Amma ranar da ya shiga fadama da ita sai ta nutse kamar turke, sai da ƙarti suka ciro shi, yara na dariya. Tun daga nan ya shige ɗaki, ko masallaci sai ya ga ba kowa a hanya.

Ƙanenta Ɗanliti ne ya ce shi bai yarda ba. Makanike ne a Sheme, bakin titi, irin mutanen da hannunsu ba ya zama. Ya taɓa haɗa wani abu na ƙarfe mai ƙafa biyu da injin share gilashin tirela, in ya jona mashi batir sai ya riƙa takawa shi kaɗai kamar gauraka, direbobi na tsayawa kallo. Ya ce a wurin tsuntsu ya koya. Gauraka in ta taka laka yatsunta buɗewa suke, in ta ɗaga su tsuke, shi ya sa ba ta nutsewa. Kafin ya gane yadda jijiyar ke ja, ƙafafun kajin Lauratu nawa ya bi da reza, Allah kaɗai ya sani. A ƙarshe ya haɗo ƙafa da wayar birkin keke, da sifirin na kujerar Honda, da yatsu uku na ƙarfe an naɗe su da robar taya. Gide ya ce zai gwada, amma sai lokacin da ido bai buɗe ba. Yau ya gwada, ya dawo jiƙe da raɓa yana murmushi, karo na farko tun barinsa asibiti.

Sai dai Indo ba ta gama ba. Ta ce Alhaji Sanusi, yayan Gide, yana can bakin fadama da mai gari da liman. Ya ce dama ya daɗe yana zargin wurin, iskar da ke ciki ce ta ci ƙafar ƙanensa, kuma tunda gonar gado ce ba a raba ba, shi ne babba, kafin azahar zai damƙa ta ga Ɗanasabe, su da suka san yadda ake zama da irin waɗannan.

Dariya ta ɗauke. Fadamar nan ita ce shinkafarsu, ita ce rakensu, ita ce kayan ɗakin 'yarsu Fatsuma in lokaci ya yi. Lauratu ta bar tulun nan bakin rijiya ta kama hanyar gida, tana tafe tana salati.

A ƙofar gida ta iske Hondar Ɗanliti. Yana tsakar gida tsugune, ya ɗora ƙafar kan cinya yana ɗiga mata mai, Gide na zaune kan tabarma yana gaya mashi inda take ɗan matse shi. Ta zayyana masu komai a tsaye.

Ɗanliti ya miƙe zumbur, idonsa na ƙyalli. Shi ba ta gonar yake ba. "Yaya, faɗin faifai ta ce? To wallahi sun buɗe ke nan, duka ukun. Ba ta ce zurfin sawun ya kai ina ba?"

"Zan ci gidanku da zurfi. Gona za ta tafi."

Ta juya wurin mijinta, ta ce abin ai mai sauƙi ne, ya ɗaura ya je su gani da idonsu. Gide ya sunkuyar da kai yana murza tasbaha. Ya ce da ƙafar katako ma yaya aka ƙare, balle ya fita da ƙafar tsuntsu rana tsaka. Ya san garin nan. Suna za su laƙa mashi, har jikokinsa da shi za a kira su. Gara a aika wa Alhaji da daddare a yi mashi bayani a asirce.

"Kafin dare ai an yi shaidu an shafa fatiha, Malam."

"To Allah ya sa haka ya fi alheri."

"Allah ya ba ka ƙafa, ka ce a ɓoye ta ƙarƙashin gado?"

Ɗanliti ya sa baki, ya ce in mijin Yaya na jin kunya ne a sa mashi lulluɓi kamar amarya, shi zai yi guɗa. Gide ya wurga mashi takalmi, ya kira shi ɗan banza mai warin baƙin mai, amma bai motsa daga tabarmar ba.

Lauratu ta shiga ɗaki ta ɗauko babban farantin nan na tangaran mai fure, wanda ba a fito da shi sai da salla. Ta karɓe ƙafar daga hannun ƙanenta, ta kwantar da ita a kai, yatsun na leƙowa ta gefe. Ta gyara mayafi, ta yi bismilla, ta aza a ka.

"Ina za ki da ita?"

"Fadama. In mai ita ba zai kai ta ba, ni zan kai. In shiga tsakiyar maza in ajiye gaban liman, in ce ga aljanin nan, a gidana yake kwana."

Ta kai zaure, ita ma ba ta san ko za ta iya ba. Ta sa ƙafa ɗaya waje ke nan ta ji muryarsa a hankali.

"Uwar Fatsuma. Kawo ta nan."

Su biyu suka ɗaura mashi, ita tana jan maɗauri, Ɗanliti na duba waya. Ya ce a ba shi rigarsa ta Juma'a. Da suka fito, kowane taku sai sifirin ya ce ƙyas, yatsun su buɗe su tsuke. Kafin su wuce masallaci rabin gari na biye da su, masu tallar fura, masu keke, har tsofaffin da ke gindin dalbejiya. Ɗanliti na gefe yana yi wa duk wanda ya kalle shi bayanin jijiya. Lauratu na can baya cikin mata, ba ta ga komai sai hular mijinta tana hawa tana sauka, ba tangaɗi.

A bakin fadama liman na tsakiyar addu'a, hannuwa sama. Ƙarar sifirin ce ta sa suka waiwayo ɗaya bayan ɗaya. Gide ya yi sallama, ya gaida yayansa yadda ya kamata, ya tattare riga, ya sauka cikin laka daidai gefen sawun safe. Ya taka, ya ɗaga. Ya sake takawa. Sabon sawu ya kwanta kusa da tsohon, ba bambanci.

Sai dariya ta fashe, har liman sai da ya riƙe ciki. Alhaji Sanusi ya tsaya baki buɗe, daga baya ya ce shi dama tausayi ne ya sa. Ɗanasabe, da ke jingine da sanda tun ɗazu, ya ce shi tun safe abin bai kwanta mashi ba.

"Mun daɗe da iskoki, Alhaji. Ban taɓa ganin wadda ke tsayawa tana cire ciyawa a kan kunyar gona ba."

Wani yaro ya ƙwala kira, "Malam Gauraka!" Sauran suka ɗauka. Lauratu ta tsura wa bayan mijinta ido. Ya tsaya cak a tsakiyar ruwa. Can ya juyo, ya ɗaga ƙafar sama yatsun suka tsuke, ya sauke suka buɗe, yara suka yi ihu. Sai ya ce wani ya miƙo mashi fartanya, rana na yi.

Mutane suka fara watsewa. Ɗanliti ya tuɓe takalmi ya shiga yana auna sawu da kara. Indo ta dafa kafaɗar Lauratu ta tambaye ta ko za ta jira su koma tare.

"Ina fa. Ban ɗora komai ba, ga mutum a gona."

Ta juya da sauri, tana tafe tana tunanin inda ta jefa ƙwaryar kai abinci gona, da wanda ta ara wa ita.