Shuɗin Faifai

Ku yi mini afuwa. Ni mai karanta littattafan mutane ce, ban taɓa rubuta nawa ba, kuma sau uku ina yaga wannan takarda. Amma abin ya faru a garinmu, babu kuma wanda zai ba da labarinsa idan na yi shiru.

Tun ƙarfe bakwai na safe Idalmis take durƙushe a ɗakin da ake ajiye babbar kwamfutar asibiti, tsakanin bokitin shara da kwalayen magani. Shekara tara ke nan ita kaɗai ke kula da na'urorin wannan ƙaramin asibiti, duk kuwa babbar manhajar da ake kira Linux ta ɗora musu. Jiya tana cikin sabunta manhajojin babbar kwamfutar aka ɗauke wuta, awa biyu kafin lokacin da aka sanar. Aikin ya tsaya a rabi. Yau kwamfutar ta tashi, amma manhajar da ke riƙe da sakamakon gwaje-gwaje ta ƙi buɗewa, sai neman wasu fayiloli take yi.

Gobe kuma likitar masu ciki za ta zo daga Holguín, babban birnin lardinmu, ita da sau ɗaya take zuwa a mako biyu. A cikin masu jiranta akwai Dayamí, mai cikin wata takwas, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Sakamakon jininta yana cikin kwamfutar nan kawai, don injin bugawa ya fi wata shida babu tawada, sinadarin sake gwajin kuma ya ƙare.

Idalmis ba ta tsorata ba tukuna. Intanet ɗin asibiti ba zai iya sauke komai ba, shi ya sa take da shuɗin faifan ajiya wanda ta cika da rumbun manhajoji gaba ɗaya. Ta ciro shi daga aljihun tebur ta jona. Rumbun ba ya nan. A wurinsa sai wasan kwaikwayon Turkiyya, kashi ɗari da sittin, an jera su tsaf.

Ta sami Odalys, babbar nas, tana dafa kofi. Odalys ba ta ma yi musu ba. Ta ce mutumin da ke kawo musu fina-finai duk mako ne ya ce faifan ya cika, ita kuma ta duba ta ga tarkace dubbai masu suna kamar na magani, sai ta sa aka share su.

“Na latsa su ɗaya bayan ɗaya, 'yata, wallahi ko ɗaya bai buɗe ba. Ai na ɗauka taimakonki na yi.”

Gajiyar Idalmis ta fi fushinta yawa. Ta sa faifan a jaka ta ce za ta Holguín.

“To ki bi a hankali da shi,” in ji Odalys. “Saura mana kashi biyu mu gama. Yau da yamma za mu ga ko za a kashe yaron nan.”

A tsaye ta yi tafiyar, cikin babbar motar kaya da aka mayar ta fasinja, buhun rogon wani yana danne mata ƙafa. Ta rungume jakar a ƙirji har suka isa.

Reinier abokin karatunta ne, shi ke ajiye kwafin rumbun ga duk masu irin aikinsu a lardin. Ya leƙa faifan ya yi dariya har da tari.

“Baiwar Allah, ashe kin bar aiki kin buɗe silima? Ki rage mini kuɗin tikiti.”

Ta ce ya rufe mata baki ya kwafa. Ya ce babu wuri. Ya ba ta shawarar ta ɗauki fayiloli goman da kwamfutar ke nema kawai, ta bar wa tsofaffin wasansu. Idalmis ta san shawarar tana da daɗi, ta kuma san halin abin: kowace manhaja tana jingine da wata, ka kawo goma su nemi ashirin. Motar komawa ɗaya ce, ƙarfe biyu. Idan ta isa gida aka ce saura fayil ɗaya, shi ke nan. Ta tuna ƙafafun Dayamí.

“Share duka,” ta ce. “Kuma ka tsara shi yadda talabijin ba zai ma gan shi ba.”

Kwafin ya ɗauki awa biyu da rabi. Mahaifiyar Reinier ta kawo mata shinkafa da baƙin wake, ta zauna kusa da ita. Da ta ji abin da aka share sai ta dafe ƙirji, don ita ta gama wasan tun makon jiya. Ba tare da an tambaye ta ba ta zayyana ƙarshen duka: ba a kashe yaron ba, direban gidan ne ubansa, matar kuma ta bar attajirin ta koma sayar da kifi. Idalmis ba ta taɓa ganin ko kashi ɗaya ba, amma ta yi ta gyaɗa kai, idonta yana kan layin da ke rarrafe a allo.

Ƙarfe huɗu da kwata ta shiga asibiti, an ce kuma biyar za a ɗauke wuta. Ta jona faifan, ta nuna wa kwamfutar inda za ta nema, ta umarce ta da ta ƙarasa abin da ta bari jiya. Fararen layuka suka riƙa gangarowa. Kwamfutar ta nemi fayiloli arba'in da uku, ba goma ba. Idalmis ta ƙirga su.

Manhajar ta buɗe. Idalmis ta nemo sunan Dayamí, ta kwafe lambobin da biro, ta bi da na sauran mata goma sha ɗaya, don ba ta yarda da gobe ba. Ta kai wa Odalys takardun. Odalys ta tsaya a kan ta farko, ta Dayamí, fuskarta ta canza, ta aika a gaya wa mijin Dayamí ya kawo ta a keken doki yanzu, a nan za ta kwana. Sannan ta rungume Idalmis, ta ce Allah ya bar musu ita, ta zare shuɗin faifan daga hannunta.

Wutar ba ta tafi ba. A ɗakin jira an jawo kujeru gaban talabijin, mai gadi da mai shara da masu gwajin jini, kowa da ɗan kofinsa. Odalys tana lalubar bayan talabijin tana cewa wanda ya yi magana a tsakiyar wasa zai fita.

Idalmis ta kulle ɗakin kwamfuta. Ta ɗan tsaya a baranda, ita kaɗai a ginin nan da ta san ko waye uban yaron. Gobe za ta gaya musu, idan har ba su daina yi mata magana ba. Ta cire takalmanta masu ƙara ta riƙe a hannu, ta bi ta ƙofar baya, ta wajen bishiyar mangwaro.