Turai Ta Leƙa Ƙasan Teku

Turai ta shekara hamsin da 'yan kai a Jidda. A nan aka haife ta, a nan ta yi aure ta haihu, amma tsakaninta da teku sai kallo daga nesa. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Katsina don aikin Hajji, bai koma ba, zuri'arsa ta zauna a unguwar Nuzla. Sana'arta girkin biki, kuma duk mai walima a unguwar ya san tsirenta, wanda 'yan Jidda ke kira siriya. In an fita bakin teku shan iska, can baya kusa da motoci take shimfiɗa tabarmarta, ta ce ita da ruwa sai a buta.

Sai Allah ya ba ta 'ya mai nutso. Autarta Dalal tana koya wa mata shiga ƙarƙashin teku a Abhur, can arewacin gari. Kullum sai ta dawo da jiƙaƙƙun kaya da wasu takalman roba masu faɗi, ruwan ɗorawa, kamar ƙafar agwagwa, ta jibge su a banɗaki. Turai ce ke ɗauraye su tana mita. Dalal ta sha roƙonta ta zo ta ga wurin aikin ko sau ɗaya, ita kuwa takan ce abin da ke cikin ruwa na ruwa ne.

Babbar ƙawar Turai kuwa ba Bahaushiya ba ce. Sunanta Maryati, mutuniyar Indunusiya, irin waɗanda a Jidda ake ce wa Jawa. Ta yi shekaru tana girki a wani gidan abinci a Sharafiyya. A shagon mai gyaɗa suka fara haɗuwa, kowacce ta zo saye don gasa nama, daga nan musu ya ɓarke a kan wa ya koya wa wani tsire. Musun bai ƙare ba, ƙawancen ma haka. Da Larabcin kasuwa suke hira, Maryati na kiranta Ummu Ra'id, da sunan ɗanta na fari.

Da tsufa ya kama mahaifiyar Maryati, sai Maryati ta ajiye aiki, ta miƙa iƙamarta, wato takardar izinin zama, ta koma gida. Turai ta yi kuka a filin jirgi har Dalal ta ji kunya. Bayan 'yan watanni, wata ranar Juma'a da hantsi, sai ga kira ta bidiyo. Maryati na zaune a ƙofar wani gidan katako, ta juya wayar ƙasa, sai Turai ta ga ashe gidan a kan turaku yake tsakiyar ruwa, ga kifaye na wucewa ta ƙarƙashin daɓen.

"Ummu Ra'id, ki zo," in ji Maryati. "Na ci abincinki shekara da shekaru, ki zo ki ci nawa a gidanmu."

"A cikin ruwan zan kwana?"

"A kansa. Uwata ta haura tamanin tana kwana a nan."

Dalal na bayan kujera tana leƙe. Ta daɗe tana mafarkin nutso a tsibiran Indunusiya, amma ta bar uwarta ta yanke shawara da kanta, don ta san halinta: in aka matsa mata sai ta kafe. Kwana uku Turai na juya maganar, ranar na huɗu tana yanka albasa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ke Dalal, ki nema mana takardun tafiya."

"Halas, Ummi," in ji Dalal. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta ba da amsa rabi Larabci ne. "Bas akwai sharaɗi. Tsibirin sai da ƙaramin jirgin ruwa. Lazim ki koyi kwanciya a kan ruwa."

Haka Turai ta tsinci kanta a Abhur da sanyin safiya, a wani gefe da aka keɓe wa mata. Ta sa kayan wanka masu rufe jiki da Dalal ta sayo mata, ta ga ba su ishe ta ba, ta ɗaura zanen atamfa a kai. Ruwan bai wuce ƙugunta ba, amma ta riƙe hannun 'yarta kamar mai tsallaka titin Makka.

"Ki kwanta, Ummi, zayy katifa."

"Katifa ba ta motsi."

Sun yi safiyoyi da dama a haka. A hankali Turai ta yarda ta saki jiki, ta kwanta rigingine, ruwan gishiri ya ɗauke ta, ta ga sama fayau. Ta ji daɗin abin, amma ba ta faɗa ba. Sai dai batun sa fuska a ruwa, nan ta ja layi. Ta ce Allah bai halicci hancinta don wannan ba, Dalal kuma ta ƙyale ta.

Tafiyar ta yi tsawo. Jirgin sama ya miƙa su ga wani jirgin saman, wannan ya miƙa su ga mota, motar ta sauke su a wata tashar ruwa mai warin busasshen kifi a gefen Sulawesi. Jirgin da zai kai su tsibirin na katako ne mai inji, an loda masa buhunan shinkafa da jarkokin mai da babur guda, da kaji a kwando. Turai ta sa rigar kariya mai hana nutsewa, ta zauna a tsakiya ta rungume jakarta, wadda ba komai a ciki sai yajin tsire da ƙuli-ƙuli da dabino na tsaraba. Har suka isa bakinta bai daina motsi ba.

Maryati na jira a kan gadar katako da rabin ƙauyen a bayanta. An riga an ba su labarin baƙuwa daga ƙasa mai tsarki, don haka kowa so yake ya taɓa hannunta. Mahaifiyar Maryati, wadda kowa ke kira Nenek, wato kaka, 'yar ƙaramar tsohuwa ce busasshiya, fuskarta shafe da farin garin shinkafa saboda rana. Ta kama hannun Turai da hannu biyu, ta yi mata doguwar magana. Turai ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta rusuna ta amsa da Hausa, "Lafiya lau, Kaka, mun same ku lafiya?" Daga ranar haka suke hira, kowacce da harshenta, kuma ba su taɓa saɓawa ba.

Rayuwar tsibirin ta ba Turai mamaki. Babu titi, sai gadoji na katako daga gida zuwa gida. Yara na tuƙa kwalekwale su tafi makaranta da fararen riguna. Da hantsi mata kan zauna a inuwa suna ɗaura ciyawar teku a dogayen igiyoyi, a kai ta ruwa ta girma, in ta isa a shanya a sayar. Turai ta zauna cikinsu, kafin azahar hannunta ya faɗa. Ruwan sha na sama ne, a tara a manyan tankuna, kuma kusan kullum da la'asar sai an yi shi kamar da bakin ƙwarya. Ita da ta saba a Jidda a shekara ba a ga ruwan kirki ba, sai ta tsaya a ƙofa tana kallo har ya ɗauke. Masallacin ma a kan ruwa yake. Ranar farko da ta yi sujada ta hango wani kifi mai ratsin shuɗi ta tsakanin katakai, ta rasa raka'a ta nawa take.

Da ta huta sai ta nemi gawayi. Nama ba ya samuwa sai a babban tsibiri, don haka ta sa aka kawo mata wani kifi mai tsoka, ta yanka shi fale-fale, ta soke a tsinken gora, ta turbuɗe da yaji da ƙuli-ƙuli. Maryati ta kafa nata murhun a gefe, tana dama miyar gyaɗa mai zaƙi-zaƙi irin tasu.

"Yau za a raba gardama," in ji Maryati.

Matan ƙauyen suka ɗanɗana na Turai, suka yi tari, suka share hawaye, suka miƙo hannu a ƙara. Nenek kuwa ta ɗauki tsinke ɗaya na Turai ta tsoma a miyar 'yarta, ta cinye, ta ɗauki na biyu. Kowa ya bi sahunta, gardama ta tashi ba a raba ba.

Dalal dai kullum da safe takan bi ƙanen Maryati, Rusdi, wanda ke kai baƙi nutso. Ta goya tukunyar iska su fita, ta dawo da azahar tana ba da labari da Larabci mai sauri, Turai na gyaɗa kai kawai.

Wata safiya ruwa ya janye, teku ya kwanta lumui. Nenek ta zo ta tsaya a kan Turai da rigar kariya a hannu, ta nuna mata kwalekwalenta. Turai ta dubi Maryati.

"Me take so?"

"Ki raka ta tsintar kawa, irin dodon koɗin nan na teku. Kullum tana zuwa."

"Ki ce mata ƙafata na ciwo."

"Ki faɗa mata da kanki, ai kuna jin maganar juna."

Da Dalal ce, da Turai ta san abin da za ta ce. Amma tsohuwa mai shekara tamanin ta riƙe mata hannu, kuma ba a yi mata tarbiyyar ƙin kiran babba ba. Ta sa rigar, ta gyara ɗaurin zanenta, ta shiga.

Kwalekwalen siriri ne, an ɗaura masa gora a kowane gefe don kada ya kife. Nenek ta tuƙa su har inda ruwan ya fara sauya launi daga kore zuwa shuɗi, ta jefa dutsen da ke ɗaure da igiya, ta zame cikin ruwa ba ko ƙara. Ta ɗago ta yafito Turai. Da addu'a da komai Turai ta sauka, ta ƙanƙame gorar, ta ji rigar ta riƙe ta. Tsohuwar ta ciro wani tabarau na katako da aka sassaƙa aka liƙa wa gilashi, ta ɗaura mata. Ta ja numfashi ta kumbura kumatu don ta nuna mata yadda ake yi, sannan ta ɗora tafin hannunta a ƙeyar Turai, ta danna a hankali.

Abin da ya fara zo mata shi ne shiru. Sai kuma launi. Duwatsun murjani ne birjik, wasu kamar faranti, wasu kamar ƙahon barewa, wasu kamar kabeji. Ƙananan kifaye masu ruwan lemo sun yi gungu suna juyawa tare kamar an kaɗa mayafi. Wata kififiya na cin abincinta a gefe, ko kallonta ba ta yi ba. Turai ta ɗago tana haki, ta dubi Nenek, ta ja numfashi ta koma da kanta.

A karo na uku ko na huɗu ne ta lura da kumfa na tasowa daga inda dutsen ya yanke ya gangara cikin shuɗi. Ta bi kumfar da ido har ƙasa. Mutum biyu ne ke tafe a hankali a jikin dutsen, ɗaya kuma da takalma masu ruwan ɗorawa. Ta san su, ta ɗauraye su ya fi a ƙirga.

Dalal ce, amma ba Dalal ɗin da ke zubar da shayi da mantuwar makulli ba. Wannan ta naɗe hannuwa a ƙirji, tana tafe a natse, ba ta taɓa komai, kifaye na ratsa ta kamar 'yar gida. Turai ta ga ta tsaya ta nuna wa Rusdi wani abu a cikin rami, ta juya cikin sauƙi. A juyawar ne ta ɗaga kai, ta ga gindin kwalekwale, da zanen atamfa yana yawo a gefensa, da fuskar uwarta cikin tabaran katako. Wata babbar kumfa ta fita daga bakinta. Turai ta saki gorar da hannu ɗaya ta ɗaga mata.

Da suka fito, Dalal ta iyo zuwa kwalekwalen, ta cire abin bakinta, ta fashe da dariya, idonta ya yi ja.

"Ummi, keef? Wa ya sa ki?"

"Kaka ce." Turai ta share fuska. "Ashe nan kike zuwa kullum."

"Nan ne."

"To, ai da kin faɗa mini."

Dalal, wadda ta sha roƙonta ta zo ta gani, ta sake kecewa da dariya. Nenek, wadda ta riga ta cika rabin kwandonta, ta ce wani abu da harshenta, Turai ta amsa mata da "Gaskiyarki, Kaka."

Sauran kwanakin, duk safiyar da ruwa ya janye sai an ga su biyu a kwalekwale. Kawa dai Turai ba ta tsinci ko ɗaya ba. Ranar tafiya ta bar wa matan sauran yajin, ta kuma koya musu yadda ake toya ƙuli-ƙuli, Maryati na gefe tana cewa ai wannan ma daga wurinsu aka samo.

A Nuzla, mata sun yi ta zuwa sannu da zuwa, Turai na ba da labari, kififiyar na ƙara girma daga baƙuwa zuwa baƙuwa. Maƙwabciyarta Wafa' ta ce ita ba ta yarda ba sai ta gani. Dalal ta ce ai ba sai an je Sulawesi ba, irin wannan murjanin na nan a bayan Abhur, tafiyar ɗan lokaci a jirgi.

Asabar ɗin da ta biyo baya suka fita, Turai da Wafa' da wasu mata biyu, da kular shinkafa da tsire. Turai ce ta fara sauka. Ta daɗe da fuska a ruwa, ta ɗago, ta juya ta hango dogayen gine-ginen Jidda can cikin hazo.

"Shekara hamsin wannan na bayan gidana," ta ce. Sannan ta dubi Wafa', wadda ta ƙanƙame ƙarfen jirgin da hannu ɗaya, ɗayan kuma riƙe da tsinken tsire. "Yalla, ajiye naman nan ki sauko. Zan riƙe ki."