Ƙwaryar Yashi a Kan Esta

Makarantar cocin da ke bayan unguwar Maitumbi a Minna ɗakuna biyu ce da inuwar mangwaro. A shekarar 1982 aka samo mata malamar ƙananan yara daga Ghana, sunanta Magdalene. A lokacin malaman Ghana sun cika makarantun ƙasar nan, domin suna karɓar albashin da ɗan gida zai raina, kuma ba sa makara. Magdalene ta tashi ne kusa da zangon Kumasi, saboda haka ta zo da Hausarta, mai kaushi amma ana ganewa. Ta iya aikinta, wannan ba mai musu. Yaron da ya daɗe a gabanta sai ka ji shi a bakin titi yana karanta rubutun jikin motoci. Aibinta ɗaya ne, kuma ya isa: ba ta tambaya. Abin da ta taso da shi a gida shi ne daidai, saura duk gyara suke jira.

Cikin yaranta akwai Esta, 'yar Shekwolo, wani Bagbagyi, wato Bagwari, da ke aikin lebura a tashar jirgin ƙasa. Uwar yarinyar ta rasu, kakarta Alisabatu ke riƙonta. A gidan nan ba a taɓa sa mace a makaranta ba. Shekwolo ya yi ta roƙon uwarsa tun daga shuka har fitowar sabuwar doya kafin ta yarda, kuma da sharaɗi. Ta ce makarantar coci kawai, ba ta gwamnati ba, inda yara suka fi kaji yawa a aji. Ta kuma ce duk ranar da aka wulaƙanta mata jika, ranar karatu ya ƙare. Kowa a unguwar ya san tsohuwar ba ta magana biyu.

Esta ta kama karatu kamar busasshiyar ƙasa ta sami ruwa. Kafin damina ta ɗauke ta san baƙaƙe duka, har ta fara haɗa su biyu-biyu. Magdalene ta sa ta a bencin gaba, tana nuna ta ga duk baƙon da ya leƙo.

A lokacin coci na gina ɗaki na uku. Kowace Juma'a bayan hutun tara, yara kan gangara rafi su ɗebo yashin bulo, manya da daro, ƙanana da kwano ko ƙwarya. Da farko manyan ajin kaɗai ake turawa. Da aiki ya matsa, sai shugaban makarantar, Malam Gabriel, ya ce a haɗa da ƙanana, malamarsu ta raka su.

Duk wanda ya zauna a Minna ya san matan Gbagyi ba sa ɗaukar kaya a ka. A kafaɗa suke ɗauka, ko itace ne ko doya ko ruwa. Suna cewa kai shi ne sarkin jiki, shi ke ɗauke da tunani, ba a ƙara masa wani nauyi. 'Yan birni da yawa sun bar wannan, amma a gidan Alisabatu yana nan daram. Magdalene tana ganin matan a hanyar kasuwa, sai dai ta ɗauka rashin sani ne. Malam Gabriel kuwa Bagbagyi ne, uwarsa da kafaɗa ta ciyar da shi har ya yi karatu. Magana ɗaya ce zai gaya wa baƙuwar malama ta gane, bai faɗa ba. Kunyar abin yake ji.

A bakin rafi Esta ta cika 'yar ƙwaryarta, ta ɗora a kafaɗa, ta bi layi. Magdalene ta hango ta.

"Esta! Wa ya koya miki wannan? So kike ki yi doro? Zo nan."

Ta cire ɗankwalinta, ta naɗa gammo, ta ɗora wa yarinyar a ka, ta aza ƙwaryar. Da kyakkyawar niyya ta yi, amma kyakkyawar niyya ba ta taɓa hana wuta cin gida ba. Tana juya baya Esta ta sauke, ta mayar kafaɗa.

"Malama, ta sauke!" in ji wani yaro. "Ai Bagwariya ce, kanta na ƙwai ne!"

Yara suka kwashe da dariya. Magdalene ta dawo ta sake ɗorawa. Esta ta ce a hankali, "Kaka ta hana." Ta sake saukewa.

Malamar da ta san aikinta za ta tsaya a nan ta ce, me ya sa kaka ta hana? Magdalene ba ta ji kalmar kaka ba, dariyar yara ta ji, ta ga kuma ƙaramar yarinya tana ƙin umarninta a gaban aji. Ta ɗora ƙwaryar a karo na uku, ta danne ta da hannu, ta tasa yarinyar gaba a haka tun daga rafi har makaranta. Esta na kuka, yashi na zubo mata a ido. Hanyar kuwa ta bi ta gindin ɗorawar da matan Gbagyi ke kasa doya. Suka bar ciniki suka bi su da ido. Kafin a tashi makaranta labari ya riga Esta isa gida.

Ranar Litinin wurin Esta a bencin gaba babu kowa. Ana cikin karatu sai ga Alisabatu a bakin ƙofa da sandarta. Ba ta shiga ba.

"Ke ce malamar?"

"Ni ce, Mama. Ina Esta?"

"Esta tana gida inda ake ganin girman kanta. Ɗana ya ce mini kina zuba mata karatu a kai. Na ce to. Ashe har da yashi ake zubawa?"

"Mama, don lafiyarta na yi. Kafaɗa tana karkatar da yaro."

"Dube ni da kyau. Na karkace?"

Tsohuwar a miƙe take kamar tabarya. Magdalene ta ji yara sun yi tsit suna saurare, sai ta ɗaga murya. "A garinmu kowa a ka yake ɗauka, kuma ba wanda kansa ya fashe."

"To, a garinku kike?"

Malam Gabriel ya fito yana murza hannu. "Mama, a yi haƙuri, a shigo ofis a zauna."

"Gabriel, ɗan Ladi, kai ba ni da magana da kai." Ta juya ga malamar. "A gaban mata kika yi, a gabansu za ki warware. Ki zo gida ki ce kin yi kuskure. Ranar da kika zo, washegari yarinya ta dawo. Ba na neman kaza, ba na neman akuya."

Bayan ta tafi Malam Gabriel ya gyara wuyan rigarsa ya ce, "Kada ki je, Malama. Makarantar mishan ba ta durƙusa wa camfi. Za su gaji su kawo ta." Shi kansa ya san ba za su gaji ba, ai ya san halin uwarsa.

Bintu, Banufiyar da ke suyar ƙosai a ƙofar makaranta, ta ji komai. Da Magdalene ta zo sayen na rana, ta ƙi miƙa mata sai da ta faɗi nata.

"Ke 'yar Ghana, wuyanki na ƙarfe ne? Shekara nawa ina zaune da Gwari, ban taɓa ganin wanda ya ja da tsohuwarsu ya ci ba. Je ki ce kin tuba, bakinki ba zai tsage ba."

"Ban yi laifi ba, Iya Bintu."

"To ai shi ke nan. Yaji nawa za a sa miki? Na ga kin riga kin ƙoshi da shi."

Shekwolo ma ya zo, da kayan aikinsa duk baƙin mai, ya cire hula ya tsaya a gindin mangwaro har aka tashi yara. "Malama, don Allah, kalma ɗaya ce. Yarinyar nan ko a gida da gawayi take rubutu a bango. Ni ba zan iya tsallake maganar uwata ba."

"Kai ne ubanta, Baban Esta. Ka kawo ta. Idan na ba da haƙuri a kan wannan, gobe kowace kaka za ta zo ta koya mini aikina."

Ya mayar da hularsa ya tafi. Shi ma ba a wanke shi daga laifi ba. Namiji ne da ya iya roƙo a wuri biyu, bai iya tsayawa a ko ɗaya ba.

Aka yi ta tafiya a haka. Wani lokaci Magdalene kan hango Esta ta taga, da ɗaurin itace a kafaɗa, ta rage tafiya a bayan aji, bakinta na motsi tare da na yara. In sun haɗa ido sai yarinyar ta ƙara sauri. Malamar takan kwana da abin a ranta, ta ce gobe za ta je. Goben na zuwa sai ta tuna da matan gindin ɗorawa, ta ce sai bayan jarrabawa. Bayan jarrabawa ta ce sai bayan Kirsimeti. Girman kai ba ya cewa a'a, gobe yake cewa.

A watan Janairu aka sanar a rediyo cewa duk baƙon da ba shi da izinin zama ya bar ƙasar. Magdalene ta tafi wurin Malam Gabriel, domin tun zuwanta coci ta ce za ta nema mata izinin. Ya ce an kai maganar gaban dattawan coci. Dattawa suka ce suna addu'a a kai. Waɗanda suka yi ta nuna ta ga baƙi a bara, yanzu in sun hango ta sai su canja hanya. Manyan motoci suka fara lodin 'yan Ghana a tasha, mutane a saman kaya kamar buhuna.

Ranar da za ta tafi ta ɗaure akwatinta, ta aza a ka, ta rataya 'yar jaka. Maimakon ta miƙe tasha, sai ta karkata zuwa gidan Alisabatu. Ta sami tsohuwar a tsakar gida da mata huɗu ko biyar suna ware doyar iri. Esta na gefe tana wanke tukunya. Magdalene ta sauke akwatin, ta durƙusa a kan ƙasa.

"Mama, na yi kuskure. Ban tambaya ba. Ki yafe mini."

Alisabatu ta daɗe tana juya wata doya a hannu. "Sai da rediyo ya yi magana kika ji? Ni da na zo da ƙafata ba ki ji ba."

"Haka ne, Mama."

"Tashi, 'yata, kada ki ɓata zanenki. Na yafe. Ku kun ji, ta faɗa." Matan suka gyaɗa kai. "Esta, nemo rigar makarantarki a wanke. Gobe za ki koma wurin malamarki."

Yarinyar ta saki tukunya ta ruga ɗaki. Magdalene ba ta tashi ba.

"Mama, ni tafiya zan yi. Yau. An kore mu."

"To wa zai koya mata?"

"Malam Gabriel zai haɗa su da ajinsa kafin a sami wata."

Tsohuwar ta ajiye doyar. "Gabriel? Wanda ke jin kunyar kafaɗar uwarsa? Ke baƙuwa ce, ba ki sani ba, kuma ga shi kin zo. Shi ya sani, ya yi shiru. Ba zan ba shi jikata ba. Da ke na yi magana. Da kin zo tun lokacin kaka, da yanzu ta yi nisa."

Esta ta fito da rigar a hannu, ta dubi kakarta, ta dubi akwatin. Ba wanda ya yi mata bayani, kuma ba ta nema ba. Ta ninke rigar ta ajiye a kan turmi.

"Raka malamarki tasha," in ji Alisabatu.

Suka kama hanya, malama da akwati a ka, yarinya da jaka a kafaɗa. A tasha kwandasta ya fizge akwatin ya jefa sama, ya ce a yi sauri, ba jirgin sama ba ne da ake jiran mutum. Magdalene ta hau ta takure tsakanin wata mai jego da buhun garin rogo. Daga can ta hango Esta ta matso jikin motar, ta ɗora yatsa a kan jan rubutun da ke allon baya.

"Al-lah," in ji yarinyar. "Ya." Ta tsaya. Kalma ta gaba doguwa ce. "Malama! Wannan fa?"

"Kiyaye!" Magdalene ta ɗaga murya. "Ki-ya-ye! Raba ta uku!"

Direba ya riga ya tayar da mota. Esta ta ga bakin malamar na motsi, ba ta ji komai ba. Ta bi motar da yatsa a miƙe har ta fita daga tasha.

An gama ɗaki na uku kafin damina. Malamar ƙananan yara ba a samu ba, domin ba ɗan gidan da zai karɓi abin da 'yar Ghana ke karɓa, sai Malam Gabriel ya zuba doyarsa a ɗakin ya sa kwaɗo. Esta ta girma a gindin ɗorawa tana kasa doya tare da matan nan. Har ta yi aure, in mota ta tsaya a gabanta takan karanta gajerun kalmomin, ta tsallake dogayen.