Wejin Maman Debby

A unguwar Television babu wanda bai san jif ɗin Baba Albert ba, kuma babu mai hankalin da ke tsayawa a gabanta. Tsohuwar motar mishan ce mai ja da ƙafa huɗu, irin wadda aka riƙa ratsa dajin Kudancin Kaduna da ita tun kafin a zuba kwalta. Mahaifin Albert ne direbanta. Da 'yan mishan za su koma gida suka bar masa ita, shi kuma ya bar wa ɗansa. Injinta lafiya lau, giyarta na shiga, hon ɗinta kuwa yana tada mai barci a Unguwar Mu'azu. Birki ne kawai ba ta da shi.

Ba wai babu shi kwata-kwata ba. Akwai abin takawa, in ka taka ya tafi har ƙasa salin-alin, mota kuwa ta ci gaba da harkarta. Don haka tun suna sabon aure Albert da matarsa Irene suka raba aiki. Shi zai yi ta rage giya har motar ta koma tafiyar mai ciwon baya, sannan ya ce, "Oya." Ita kuma ta buɗe ƙofa, ta dira da weji a hannu, ta cusa shi a gaban tayar baya. Wejin wani guntun katakon maɗaci ne mai hannun ƙarfe, ya sha hannu har yana ƙyalli. Motar takan yi wata irin gyatsa, ta tsaya.

Haka suka je coci, haka suka je kasuwa da biki da jana'iza. Ranar da za ta haifi 'yarsu Debby ma, sai da ta dira ta sa weji a ƙofar asibiti sannan ta shiga ciki. A taron Zumuntar Mata na coci, in mata suka fara kukan mazansu na yawo ba a san inda suke ba, Irene takan gyara ɗankwalinta kawai. Nata mijin ko kan kwana ba ya iya zuwa sai da ita. Tana son wannan aiki, tana son kujerar gaban nan, kuma ko da yake ba ta cika faɗa ba, tana son mutumin da ke riƙe da sitiyari.

Sai wata Asabar a Sabon Tasha. Albert ya ce oya, ta dira, gwiwarta ta hagu ta ce ba ta san zancen ba. Ta zauna daɓas a ƙasa da weji a cinya, tana kallon motarsu na tafiya a hankali, cikin ladabi, har ta shige tulin doyar wata mata 'yar Binuwai. Babu wanda ya ji ciwo sai doya. Matar ta zage su da Hausa, ta zage su da Turanci, da waɗannan suka ƙare ta koma harshen garinsu. Sun daɗe suna cin sakwara a gidan bayan wannan rana.

Albert ya lallaɓa da jif ɗin har gida. Ya ɗora motar a kan bulo a tsakar gida, kusa da akurkin kaji, ya ce zai maido ta yadda take a zamanin mahaifinsa. Ya kankare tsatsa. Ya kira mai walda ya toshe ramin ƙasan da suke ganin titi ta cikinsa. Ya shafa sabon koren fenti irin na da, ya sa wa kujeru sabuwar leda, ya gyara danjar baya, wato fitilar birki, wadda ta mutu tun Debby na goye. Duk wannan Irene ta ji daɗinsa, har kunu take kawo masa. Amma ranar da ya dawo daga kasuwar Panteka da takalman birki da robobi da tiyo da gwangwanin man birki, sai gabanta ya faɗi.

Abokinsa Sam ne ya ƙarasa ɓata lamarin. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, bakinsa ba ya hutawa. Kullum sai ya zo ya haye kujerar gaba, kujerarta, ya ɗora gwiwar hannu a taga, alhali motar ko taya ba ta da ita.

"Da zarar birki ya kama, Kagoro za mu fara," in ji Sam. "Daga nan Kafanchan. Mu biyu kawai, tafiyar maza. Madam kuma ta huta, ai ta yi ritaya."

Irene tana wanke-wanke ta ji kalmar nan. Ritaya. Wato faɗuwa ɗaya ta yi za a sallame ta, a maye gurbinta da roba da gwangwanin mai. Ta cuɗa tukunyar nan har gindinta ya yi fari.

Da aka ɗaura komai har da tayoyi, saura cire iska, kuma wannan aiki ne na mutum biyu. Albert ya zaunar da ita a kujerar direba ya yi mata bayani tiryan-tiryan.

"Maman Debby, iska ce a cikin tiyo, ita ke hana birki kamawa. In na ce taka, ki yi ta takawa. In na ce riƙe, ki danne, ni zan kwance noti a ƙasa iskar ta fito da mai. In na ɗaure sai in ce saki. Abeg, kada ki ɗaga ƙafa kafin in ce saki. In kika ɗaga, iskar komawa ciki za ta yi, aiki ya dawo sabo."

Namiji mai wayo da ya haɗiye wannan jimla ta ƙarshe. Albert kuwa har maimaita ta ya yi, don ta shiga sosai.

Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, wajen tayar baya. Ya ce taka, ta taka. Ya ce riƙe, ta riƙe. Da ta ji ƙarar sifana, sai ta ɗaga ƙafarta a hankali kamar mai tsallake jariri, ta sake dannawa, ta gyara zama. Ya ce saki, ta saki, fuskarta fes. Suka zagaye tayoyin nan duka. Ya fito ya gwada birki, ya ji shi taɓas kamar burodin da ya kwana a shayi.

"Ikon Allah," ya ce.

"Sori, Baban Debby," ta ce. "Ai motar ta tsufa."

Washegari haka, jibi ma haka. Albert ya ce robar ce ba ta da kyau, ya hau keke ya koma Panteka. Ya ce tiyon ne, ya sake komawa. Man birki ya shiga gemunsa, ya shiga kunnensa, ya ci fentin wuri guda. Irene tana zaune a sama tana rera waƙoƙin Zumunta don ta rufe bakin zuciyarta, ƙafarta na hawa da sauka inda ba a aike ta ba. Kunya tana damunta, musamman in ta ji shi yana nishi a ƙasa, amma da ta tuna gwiwar hannun Sam a tagarta sai kunyar ta yi sauƙi.

Sam ya ce a ba shi ya taka, ƙafar mace ba ta da nauyi. Albert ya ce a'a, wannan ba aikinsa ba ne. Sam ya ce to lallai motar ba ita kaɗai take ba, wataƙila fatalwar wani tsohon ɗan mishan ce ba ta yarda a taɓa mata kaya ba. Ana cikin haka Albert ya gayyato Fasto. Fasto ya ɗora hannu a bonet ya yi addu'a mai tsawo, ya roƙi Ubangiji ya tona duk abin da ke hana aikin nan ci gaba, a ɓoye yake ko a fili. Babu wanda ya kai Irene ƙarfin amin.

Wata rana da la'asar, Sam bai zo ba, hadari na haɗuwa ta wajen Kakuri. Albert ya ce riƙe, ta riƙe, ta ji sifana, ta ɗaga. Maimakon saki, sai ta ji muryarsa daga ƙasa, a natse.

"Maman Debby, danjar nan da na gyara tana aiki da kyau fa."

"To, madalla."

"In aka taka birki sai ta haska ja a bangon akurkin kaji. In aka ɗaga ƙafa sai ta mutu. Daga nan inda nake kwance ina ganinta sarai."

 Ta danna birki, ta leƙa madubi, ga jan haske a bango, wata kaza na kallonsa da ido ɗaya. Ta ɗaga, ya ɓace.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Tun ranar farko."

"Shi ne ka yi ta zaryar Panteka?"

"Na ce ko za ki gaji. Na manta wadda na aura."

"Fasto fa?"

"Shi don ke na kira shi. Mota ba ta yi wa kowa laifi ba."

Da ya fito ya yi faɗa, da ta san yadda za ta yi da shi. Amma ƙafafunsa kawai take gani, da silifas ɗaya a sanye ɗaya a gefe, kuma yana da wuya a yi rigima da tafin ƙafa. Sai kawai ta zazzage masa abin da ke cikinta. Ta ce tun tana yarinya take dira daga motar nan, cikin ruwa da rana, da ciki da goyo, bai taɓa buge ko akuya ba saboda ita. Sau ɗaya gwiwa ta ci amanarta, shi ne ya je ya sayo wanda zai gaje ta. To ya gyara, ya ɗauki Sam, su tafi Kagoro, su tafi duk inda suka ga dama, ita za ta zauna da kaji. 

 Ta ji ya ajiye sifana.

"Ranar Sabon Tasha na duba madubi," ya ce. "Na gan ki zaune a tsakiyar hanya, keke na tahowa ta bayanki. Na taka abin nan, na taka, na taka. Ina kallonki kina ƙanƙancewa a madubi, mota na tafiya da ni. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, Irene. Ni ba Kagoro nake son zuwa ba. So nake in kin faɗi in iya tsayawa."

Rabonsa da kiran sunanta haka tun kafin a haifi Debby. Ta share ido da bakin zani, ta ja majina, ta ce da ƙarfi kada ya zaci kuka take, man birki ne ke da yaji. Sannan ta ɗora ƙafa.

"Faɗi abinka," ta ce.

Ya ce taka, ya ce riƙe. Ta danne har da ƙafar mai ciwon a kan ɗayar. Jan hasken ya tsaya cak a bango bai ko ƙifta ba. Kumfa ta yi ta fita cikin kwalbar da ya tara a ƙasa, taya bayan taya, har mai ya zo garau. Kafin ruwa ya sauko birkin ya yi tauri kamar an sa dutse a ƙarƙashinsa.

Asabar ta gaba aka sauke motar daga kan bulo. Sam ya iso da hular malafa da kwalbar ruwa, ya nufi ƙofar gaba, ya tarar da Irene zaune da kayan Zumunta da weji a cinya. Ta dube shi, ya dubi Albert, Albert ya dubi sama. Sam ya zagaya ya hau baya, wajen safayar taya.

Maƙwabta sun fito kallo, amma kowa ya tsaya a bayan kwata, don sabo. Albert ya kama hanyar Sabon Tasha. Mai doyar nan tana wurinta. Tun daga nesa ta gane koriyar motar, ta yi ihu, ta fara kwashe doya a zani tana kiran maƙwabtanta su taimaka.

Albert ya rage giya kamar kullum, bakinsa ya ce oya da kansa, ƙafarsa kuma ta taka birki. Motar ta tsaya nan take. Sam ya rungumi safayar taya, malafarsa ta wuce gaba ita kaɗai. Mai doya ta tsaya baki buɗe, doya na zubowa daga zaninta. Su ma na cikin motar sun dubi juna, don babu wanda ya taɓa jin irin wannan tsayuwa a cikinta.

Hannun Irene ya riga ya buɗe ƙofa. Albert ya ce ta dakata. Ya kashe inji, ya bar ta a giya, ya sauka, abin da bai taɓa yi kafin ita ba tun aurensu. Ya zagayo ya miƙa mata hannu. Ta sauko a hankali, ƙafa mai lafiya tukun, sannan ɗayar. Ba ta saki wejin ba. Ta taka zuwa tayar baya, ta dafa kafaɗarsa ta sunkuya, ta cusa shi a wurinsa, ta buga shi da dunduniya.

"Madam, ai ta riga ta tsaya," in ji Sam daga baya.

"Yi mana shiru," in ji Albert. Ya tsaya riƙe da hannunta har ta miƙe, ta kaɗe zani, ta duba tayar da kyau.

"Yanzu ta tsaya," ta ce.